Mode Shagari, Ɗan Wa?

A Ƙofar Taramniya kowa ya san Mode Shagari mai wankin hula. Sunan ya ja masa tsokana tun yana saurayi: ɗan gidan shugaban ƙasa, ga ka da sabulu da bokiti! Da aka buɗe jami'a mai wannan suna kuwa sai abin ya ƙaru, har da ni cikin masu ce masa, "Baba Mode, yanzu har jami'a gare ka, a sama muna gurbi." Yakan yi murmushi ya ci gaba da bugun hula. Wallahi da na san abin da ke ƙarƙashin sunan da na kama bakina.

Yana goye ubansa ya rasu. Uwarsa Dije ta taho da shi birni, tana daka a gidajen mutane. Ranar da ta kai shi makaranta, hedimasta ya tambayi sunan uba. Dije irin matan zamanin da ce, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko bayan ransa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Daga Shagari munka hito." Shi ko hedimasta bai tsananta ba, ya rubuta sunan garin kamar yadda ake yi wa yara da yawa. Mode ya taso da jin nauyin tambayarta sunan ubansa, kullum yana cewa sai gobe, har ƙasa ta rufe mata ido.

Da tsufa ya kama shi, ya ƙudurta sai ya yi wa ubansa saukar Alƙur'ani da sunansa. Ya sa hularsa mafi kyau, ya hau mota zuwa Shagari. Ya gaida dattawa a ƙofar masallaci, ya ce shi ne Mode Shagari.

Wani tsoho ya ce, "Dut nan Shagari muke, malam. Kai ɗan wa na?"

Ya ambaci Dije. Aka lissafa masa Dije iri-iri, babu tasa a ciki. Waɗanda za su tuna duk sun riga mu gidan gaskiya. Suka ba shi fura, suka raka shi tasha da mutunci irin na baƙo.

Saukar dai an yi ta, ina wurin. Da aka zo addu'a, liman ya juyo ya tambayi sunan mamacin. 

"A ce uban Mode," in ji Mode. "Allah ya san shi."