Koren Shaho a Kasuwar Rogo

Shekarar da na bar aikin ɗaukar hoto na sayi injin yanka sitika, na kafa shi a ɗan shagona da ke Karaye. Kana zana abu a kwamfuta, shi kuma ya bi zanen da wata 'yar mitsitsiyar wuƙa, ya yanke shi a kan leda mai danƙo, irin wadda ake liƙa wa babura da motoci.

Dattijon da ya sayar mini da shi a Kano ya ce, "Ɗana, inji shi kaɗai ba ya aiki. Ka sayi tsinken tsince tarkacen leda, da salatif mai faɗi na ɗaukar zane, da abin daɓewa. Ka kuma haɗa da wuƙaƙe ko da uku ne, don bakinsu na saurin mutuwa." Na sayi tsinke da salatif da almakashi. Abin daɓewa na ce tsohon katin banki ma ya isa. Wuƙaƙe kuwa na ce sai wani zuwan.

A wata na biyu wani ɗan acaɓa daga Ruwan Bago ya zo, ya ce yana son koren shaho mai buɗaɗɗun fukafukai a tankin babur ɗinsa, irin wanda babu mai shi. Lokacin wuƙar ta dakushe. A yankan farko ta ja ledar, ta yage bakin fiffiken hagu. Na rage gudun injin na sake, na biyun ya fito lafiya, na liƙa masa. Yagaggen na jefa a kwali. Bayan 'yan kwanaki wani manomin gyaɗa daga Kurugu, mutum mai sanyin magana, ya gan shi ya ce yana so. Na ba shi kyauta, har na liƙa masa da hannuna. Baburansu iri ɗaya ne, ja, kamar na rabin mutanen yankin.

Ban san an sace babur ɗin ɗan acaɓan ba sai ranar kasuwar Rogo. Na baje sitikuna a tebur kusa da masu faci, rana ta take, sai na ji ihu: "Ɓarawo! Ga babur ɗina, ga shahona!"

Kafin na tashi mutane sun rufe wurin. Na kutsa, na tarar da manomin a ƙasa, buhun gyaɗarsa ya fashe ana tattakawa. Ɗan acaɓan na shaƙe da wuyan rigarsa yana naushinsa a fuska. Wani ya zaro itace daga tulin masu sayar da makamashi ya sauke masa a hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Manomin kuwa ban da "Wallahi nawa ne" ba ya cewa komai, jini na bin haƙoransa.

Na ce, "Ku tsaya! Ni na yanka sitikar nan, guda biyu ne! Ku duba fiffiken hagu!"

Wani ƙato ya juyo ya ce, "Au, ashe ku biyu ne." Ban ga abin da ya doke ni da shi ba. Na dai tsinci kaina durƙushe, bakina cike da jini mai gishiri-gishiri, haƙorina ɗaya a ƙasa. Aka shure ni a haƙarƙari, aka sake. Daga baya na ji wani na cewa a kawo taya.

Wani tsohon Bafulatani da ya kawo shanu kasuwa ne ya tsallako ya tsaya a kanmu, ya ɗaga sandarsa. Bai ɗaga murya sosai ba. Ya ce, "Wanda ya ƙara taɓa su, da ni zai yi. Kai mai babur, sake shi ka je ka duba abin da mutumin nan ya ce."

Ɗan acaɓan ya saki rigar, ya sunkuya kan tankin. Ya daɗe yana shafa yagaggen fiffiken da yatsa. Sai ya zaro mukullinsa ya zura, ya ƙi juyawa. Ya dafe kai ya zauna daɓas. Mutanen da ke ihu suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaton.

Mu biyu aka ɗauka a motar ɗaukar kaya zuwa asibiti. Hannun manomin ya karye wuri biyu. An ɗaure shi, amma har yau ba ya miƙewa sosai, noman bana ma ƙannensa ne suka yi masa. Babur ɗin ɗan acaɓan ba a gan shi ba. A gaban mai unguwa ɗan acaɓan ya nemi gafara yana kuka, manomin ya ce ya yafe, amma bai kalle shi ba.

Da na samu sauƙi na je Kurugu duba shi. Na same shi a zaure, hannun rataye a wuya. Muka gaisa, na ce, "Malam, ni na jawo maka. Ka yafe ni."

Ya ce, "Kai kyauta ka yi mini. Sha ruwa."

Na sha. Muka yi hirar farashin gyaɗa har aka kira la'asar, na riƙe masa buta ya yi alwala da hannu ɗaya.