Shida Da Kwata

Baba Inci bai taɓa zama wuri ɗaya ya cika minti goma ba, in ba a kan keken ɗinki ba. Ko a can ma ƙafa na kaɗawa, baki na zuba, ido na kan titi yana auna masu wucewa. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗinki a shagon da ke jikin gidansa, ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya, da teburin yanka da ya sha alli, da ƙyallaye a ƙasa har idon sawu. Sunan ma daga bakinsa muka ciro shi. Mutum zai shigo ya ce a gwada shi, Baba ya dube shi sama da ƙasa sau ɗaya ya ce, "Kafaɗa inci sha takwas da rabi, wuya sha shida da kwata. Je ka abinka." Tef ɗinsa na rataye a ƙusa ya yi ƙura. In ka ce ya ɗauko, to ka zage shi. Abin haushin kuma, rigar takan zauna daidai.

Shekara uku da suka wuce ya fara shan ruwa kamar raƙumi, yana zaryar bayan gida, wandon da ya ɗinka wa kansa yana neman suɓucewa. Matarsa, wadda duk layin muke kira Gwaggo, ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti. Aka ce ciwon suga ne. Baba ya karɓi ƙwayoyi ya dawo da tasa fatawar.

"Na kai musu jikin, su gyara. Ni in mutum ya kawo min yadi, cewa nake ya zauna ya taya ni taka keke?"

Haka aka yi ta tafiya. Magani ranar da ya tuna. Gwaggo ta dafa masa ganye, ya tsakura ya ce Allah ya yi albarka, ya zagaya wurin mai shayi ya danna burodi da madarar gwangwani. In an yi magana ya rantse ko cokali ɗaya na suga ba a zuba masa ba.

Sai abin ya hau ido. Da fari ya ce wutar shagon ce ba ta da ƙarfi, ya canza ƙwan lantarki. Ya ce masu yin allura sun lalace, kafar allurar ba ta kai ta da ba. Daga baya Gwaggo ce ke shigowa da safe ta zura masa zare a allurai goma ta soke a jikin labule, kuma aka hana ta faɗa wa kowa. Ta faɗa wa mutum huɗu kacal. Ranar da wani malamin makaranta ya dawo da riga mai baƙin zare a hannu ɗaya, ruwan toka a ɗayan, Baba bai ci abincin rana ba. Ya shiga ya fita, ya share shagon sau biyu. Tela in ido ya tafi, me ya rage?

'Yarsa ta aiko masa da ɗan injin awon suga. Nas ɗin da ke duba masu suga, wata doguwa mai tabarau da ba ta iya sassauta murya ba, ta nuna masa yadda ake yi: ka soki yatsa, ka ɗiga jini a ɗan tsinken, lamba ta fito. Ta ba shi takarda mai layi talatin, kullum da safe kafin ya ci komai ya rubuta. Baba ya ce ba komai. Mutumin da ke riƙe allura uku a baki yana hira, ashe tsoron a soke shi yake kamar ransa. Ya sa injin a akwatin maɓallai ya rufe.

Ana gobe komawa asibiti ya ɗauko takardar, fara fat. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Can ya ce wa kansa, shi da ke auna ƙaton mutum da ido, jikinsa ne zai gagare shi? Ya tuna nas ta ce shida zuwa bakwai ba laifi. Ya rufe ido ya saurari jikinsa, ya ɗauki biro ya cika layi talatin da hannunsa mai kyau.

Washegari nas ta karɓa, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Baba, injin nan naka shi ma ɗinki ya koya?"

"Kamar yaya, 'yata?"

"Litinin shida da rabi. Talata shida da kwata. Laraba bakwai ba kwata." Ta ɗago. "Wuyan wa ka auna?"

"Haka ya nuna."

"Inji ɗigo yake bayarwa, Baba. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin wanda ya san kwata ba. Kawo yatsa."

Ya miƙa yana kallon silin yana salati. Kafin ya kai ƙarshe an gama.

"Sha bakwai da ɗigo huɗu," in ji ta.

"Kai! Wannan ai wuyan mai ƙiba ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa ya rufe idon dama da tafin hannu, ta nuna masa allon baƙaƙe a bango. Na sama ya gani. Layi na biyu ya yi ta lalube. Na uku hazo ne kawai. Ya sauke hannun a hankali, ƙafar da ba ta daina kaɗawa ta tsaya cak.

"Da na yarda da takardar nan, likita zai bar maka magani yadda yake, ido kuma ya ci gaba da tafiya," ta ce. "Ka taɓa yanka yadi a kan awon ƙarya?"

"Sau ɗaya. Wata ta rage min inci huɗu a ƙugunta."

"Ya aka ƙare?"

"Yadin ya tashi aiki."

"To ido ba a sayo wani a kasuwa. Mu nan minti goma muke ganinka a wata. Sauran kwanakin kai ke tare da shi. Ka kawo min mummunar lamba ta gaskiya, na san abin da zan yi da ita."

Da safe Gwaggo ta same shi a bakin gado da inji a cinya. Ya kai allurar kusa da yatsa ya janye. Ya je ya wanke hannu, ya dawo, ya sake janyewa.

"Malam, kawo in soka maka mu huta."

"Ke da kin samu dama ai har ƙashi za ki kai. Matsa can."

A karo na huɗu ya danna, ya yi wata ƙara da ta sa muka leƙo ta katanga. Sha biyar da ɗigo ɗaya. Ya rubuta, ya danna ɗigon har biro ya huda takarda.

Daga ranar rashin zamansa ya samu aikin yi. Ya ci burodi ya auna, ya ga lambar ta yi sama, ya tsaya yana yi wa burodin faɗa. Ya ci ƙwai da ganye ya auna. Ya gano in ya taka daga shago zuwa gada ya dawo bayan cin abinci, lambar na sauka. Likita ya ga takardar gaskiya ya canza masa magani. Shi da ake ja zuwa asibiti, yanzu shi ke zuwa da tambayoyi a rubuce a bayan kwalin zare, har nas ta ce, "Baba, akwai mutane a layi." Mu kuwa mun shiga uku. Ba ka isa ka wuce da kwalbar lemo ba sai ya ƙwala maka kira ya tambaye ka ko ka san abin da kake ɗura wa jininka. Mai shayi ya daina gaishe shi kwana biyu.

Bayan wata huɗu likitan ido ya duba shi. Na hagu, abin da ya tafi ya tafi. Na dama ya tsaya inda yake, kuma zai iya tsayawa in suga ta zauna. Baba ya dawo ya zauna a keke ya daɗe yana shafa kan injin. Sai ya kwashe duk ƙananan aikin ado da aka kawo masa ya mayar wa masu shi, ya ce su nemi mai ido biyu. Yanka da haɗa riga kuwa, ya ce ido ɗaya ya ishe shi, tunda masu biyun ma ba su kamo shi ba.

Jiya da azahar yana ajiye cokali ya zura takalmi, ga mai jiran wando zaune a benci.

"Ina kuma, Malam?" Gwaggo ta ɗaga murya daga tsakar gida. "Ga mutum yana jira!"

"Ya jira, wando ba ya gudu. Shinkafarki zan je in zubar a titi."