Kujeru Goma Sha Biyu a Gidan Stamatiya

Ni Zisis, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma bakina ya yi jami'a. Duk unguwarmu a Volos, ƙasar Girka, an san haka. Wannan bakin ne ya cuci maƙwabciyata, Kiriya Stamatiya (Kiriya da Kir, malama da malam ke nan a wurinmu), shi ya sa na zauna rubuta labarinta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara talatin ta yi tana ɗinkin katifa a wani shago kusa da tashar jirgin ruwa, har yatsunta suka lanƙwashe. Mijinta ya rasu, 'yarta ta yi aure a Jamus. Abin da ya rage mata kyanwoyi huɗu: Kanela, Zuzu, Fofo, da autansu Pipis, namiji fiɗiyayye mai sanyin hali, wanda ko ƙuda ya sauka a kwanonsa sai ya matsa masa. A shekara kuwa rana ɗaya take ji da ita: ranar sunanta, wato ranar waliyyin da ta ci sunansa, farkon Nuwamba, da kowa ke shigowa ba gayyata, a sha gahawa, a lashi alawar ɓawon lemo da take dafawa da kanta.

Ni ma ina da muzuru, Mangas. Ta daɗe tana bina in kai shi a fiɗiye.

"Kir Zisis, wannan ɗan iskan naka zai kashe wani wata rana."

"Haba Kiriya! Namiji ne fa. Abin da ba na so a yi mini, ba zan yi masa ba."

Da rani sai Mangas ya tsallaka katanga ya kafa wa Pipis haƙori a wuya. Na yi dariya, na ce yaro yana koyon duniya.

A watan Oktoba Pipis ya daina cin abinci, dasashinsa ya kumbura. Ta dawo daga wurin likitar dabbobi ta same ni a bakin ƙofa, ta faɗa mini a hankali: yana da cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa. Likitar ta ce cutar ba ta kama mutum ko kaɗan, kuma tsakanin kyanwoyi ma sai da cizo mai zurfi take wucewa. Tunda nata ba sa faɗa, ta bar shi cikin 'yan'uwansa, zai iya shekaru.

Ni kaɗai ta faɗa wa. Kafin azahar ina gidan gahawa ina cewa, "Kun ji? Salihin Stamatiya ya kwaso ƙanjamau. Ku bar ganin shiru-shiru!" Aka yi ta dariya har da buga tebur. Bayanin likita kuwa ban maimaita ba, don ba ya ba da dariya.

Maza suka kai wa matansu. Mai gidan burodi ta fara miƙa mata burodi daga nesa. Da Stamatiya ta ga ranar sunanta na matsowa, sai ta kulle Pipis a banɗaki, ta wanke gidan da sabulu, ta sanar wa unguwa cewa an ware shi. Mako uku ina jin kukansa ta ƙaramar taga. Kanela, wadda ta saba lashe masa kunne, a bakin ƙofar take yini.

Ana cikin haka kunnen Mangas ya ruɓe saboda wani faɗan, na kai shi wurin likitar. Ta ɗebi jininsa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Yana da cutar nan mai karya garkuwa, kuma da alama ya daɗe da ita. Ya taɓa cizon wata kyanwa da ka sani?"

Na ce ban sani ba. Kwana goma na riƙe maganar a ciki, ni da ko sirrin kaina ba na iya riƙewa.

Ranar sunan, na shiga da la'asar da 'yar furena, na yi mata gaisuwar ranar. Kujeru goma sha biyu ta jera, har da na aro. Ƙananan faranti goma sha biyu, kowanne da cokalinsa da kofin ruwa. Ba wanda aka taɓa. Tana sanye da baƙar rigarta ta zuwa coci.

"Shekaru masu yawa, Kiriya."

"Zauna, Kir Zisis. Zaɓi wadda kake so, duk taka ce."

Na lashi alawar sau ɗaya. Na ajiye cokali na faɗa mata duka: ni na kai maganar gidan gahawa, Mangas ne ya sa wa Pipis, kuma na sani tun kwana goma. Na so ta zage ni. Sai ta ce, "Na farkon na sani. Wa ke da baki irin naka?" Ta tashi ta buɗe banɗaki.

Pipis ya fito yana rangaji, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Kanela ta hau lashe shi. Stamatiya ta tsaya tana kallonsu, ta ce, "Saboda mutanen da ba su zo ba na kulle shi. Wannan laifina ne, ba naka ba." Wannan maganar ta fi zagi zafi.

Ta ɗauke shi ta ɗora mini a cinya. "Riƙe. Ka je gidan gahawa da shi haka, su gani ko za ka mutu. Litinin kuma Mangas zai ga likita, a fiɗiye shi."

"Litinin ɗin nan, Kiriya?"

"Ko kai ko shi."

Na je. Na maimaita bayanin likita tebur-tebur, ba wanda ya yi dariya. Mutum uku suka biyo ni gidanta, ragowar kujeru tara muka mayar wa masu su washegari.

Yanzu Mangas ba ya fita, ya yi ƙiba, ba ya kallona. Pipis yana ci a kwano ɗaya da sauran, kuma da aka gwada sauran ukun, lafiyarsu lau. Amma har yau in ya ga ƙofar banɗaki a buɗe, kewayewa yake yi.