Zuciyar Kakana a Dama Take

Ina aji shida na sakandare a Ikara lokacin da aka aiko daga Saulawa cewa kakana, mahaifin mahaifiyata, ya daina cin tuwo. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya nemi ƙari, ranar da ya ture akushi kowa ya san akwai magana. Babana ya ɗauki babur ya je ya ɗauko shi zuwa asibiti. Ni kuma aka ce in bi su da flas da tabarma, don ni ce ba na surutu, kuma ba na mantuwa da abin da likita ya faɗa.

Kakana Bafulatani ne da ya ajiye sanda ya kama fartanya, amma bai ajiye kunya ba. Shekara ashirin babana yana auren 'yarsa, bai taɓa ganin kakana ya sha ko ruwa a gabansa ba. Ni kuwa jika ce, abokiyar wasa, ko da yake wasan daga gefensa kawai yake zuwa. "Amarya mai littafi" yake kirana, ni kuma in sunkuyar da kai.

Likitan matashi ne mai fara'a. Ya sa Kaka ya kwanta, babana na tsaye a bakin gado, hannuwa a baya.

"Baba, ina ke maka ciwo?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya lau. To me ya kawo ka?"

Kaka ya nuna babana da haɓa, ba tare da ya dube shi ba. "Shi ya kawo ni."

Jikinsa zafi rau, ya yi amai a hanya, duk da haka ya ce yawan zama ne. Likita ya ce yana zargin afendis, wata 'yar wutsiyar hanji da ke kumbura, in ta fashe a ciki tana iya kashe mutum. Ya danna ƙasan cikin ta dama, inda take zama. Kaka ko gezau. Ya danna ta hagu. Fuskar Kaka ba ta motsa ba, sai dai ya ce, "Ya mutanen gidanku? Ya damina a wajenku? Masara ta yi kyau?"

Likita ya saki, gaisuwa ta tsaya. Ya sake dannawa.

"Iyayenka suna raye? Allah ya ƙara musu lafiya."

Likita ya dube shi, ya dubi babana, ya yi ɗan murmushi. Ya ce wa babana ya je ƙofar asibiti ya jira, a nan iska ta fi. Takun babana na ɓacewa Kaka ya saki wani nishi mai tsawo kamar na bijimi.

"Yaro, kar ka ƙara taɓa wurin nan. Kwana uku kamar ana soka mini kibiya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban suruki? Ka taɓa aure kuwa?"

Likita ya ɗora abin sauraron ƙirji a hagu. Ya jima. Ya gyara shi a kunne, ya sake ɗorawa. Sannan ya ce, "Baba, ko ka baro zuciyarka a Saulawa?"

"Tambayi amarya, wataƙila ita ta ɗauka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya matsar da abin zuwa dama, sai na ga girarsa ta ɗaga. Ya kira nas ta saurara, ita ma ta kira wata.

Aka yi hoton ƙirji da na ciki. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga, ya ce da farko ya zaci mai ɗauka ne ya juya shi. Ba haka ba ne. Zuciya a dama, hanta a hagu, saifa a dama, komai kamar mutum ya tsaya gaban madubi. Ya ce haka aka haifi Kaka, ba cuta ba ce, kuma shi kansa a littafi kawai ya taɓa gani. Cutar ita ce afendis ɗin, tana can hagu ta kumbura, dole a yi tiyata yau.

Kaka ya ce, "Tun ina yaro nake kwanciya a kan dama, yadda malamai suka koya mana. Ashe zuciyata nake dannewa."

Tiyata kuwa ya ce ba za a yi ba. Ba wuƙa yake tsoro ba. Tsoronsa kada likita ya buɗe, ya ga kaya ba a wurinsu ba, ƙaiƙayin gyara ya kama shi.

"Na san ku 'yan boko. Ba ku iya ganin abu a karkace ku wuce. Shekara saba'in ina kiwo da noma da su a haka."

Likita ya bar dariya, ya zauna a gefen gado. Ya ce in aka kai gobe, zancen ya fi ƙarfin gyara. Ya yi alkawari abu ɗaya zai cire, sauran ko ƙura ba zai kaɗe musu ba. Kaka ya juyo gare ni.

"Ke kin karanta. In na farka na ji zuciyata a hagu, ke zan kama."

"To, Kaka," na ce. Ita ce maganar farko da na yi tun safe.

An fito da shi bayan la'asar. Likita ya ce saura ƙiris ta fashe. Da maganin barci ya saki Kaka, kafin ya buɗe ido sosai, ya lallaɓa hannu ya ɗora a ƙirjinsa ta dama. Ya jira. Sannan ya ce a faɗa wa yaron nan ya cika alkawari, kuma a tambaye shi yaushe za a bar mutum ya ci tuwo.