Littafin da ya kori baƙin mahaifina

A shekarata ta uku a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa, malaminmu ya ce kowa ya koma garinsu ya yi bincike da ido kawai. Ka zauna, ka kalla, ka rubuta, kada ka tambayi kowa komai. Na yi murna, don ni ba sai na je nesa ba. Mahaifina mai masauki ne a Malanville, garin kan iyaka. Fatake daga Kebbi gidanmu suke sauka idan sun zo sayen albasa da shinkafa, shi ke ba su wurin kwana, shi ke haɗa su da masu kaya.

Na ajiye kujera a lungun zaure, na buɗe littafi. Wa ke fara gaida wa, wa ke zama kusa da ƙofa, wa ke rage murya idan an ambaci gadar da ake tsallaka iyaka ta kanta, duk na rubuta da Faransanci. Har lokacin fitar kowa da dawowarsa ban bari ba. Ina jin kaina wani babban masani.

Mako na uku na lura baƙi suna raguwa. Na cika shafi biyu a kan haka, na ɗora laifin kan damina. Wallahi har layi na ja ƙarƙashin bayanin, don ya burge ni.

Inna ce ta tare ni a tsakar gida da rana.

"Kai, wane irin karatu na wanga? Ba ka ga zauren ubanka ya watse ba?"

"Damina ce, Inna."

"Damina? Cewa sunka yi ɗan maigida ya zan ɗan rahoton duwan. Alhaji ma ya kwashe kayanai ya koma wani gida."

Duwan su ne jami'an kwastan. Alhajin nan tun kafin a haife ni yake sauka gidanmu, shi ya kawo ragon sunana. Aikin mai masauki amana ne, abin da baƙo ya yi a zaure a nan yake tsayawa. Na san haka tun ina ƙarami, sai ga ni da alƙalami. Kuma mahaifina bai ce mini uffan ba, wai kada ya hana ni karatu.

Na ɗauki littafin na sami Alhaji a sabon masaukinsa. Na durƙusa, na fassara masa shafi bayan shafi, don ya ga babu kayan kowa a ciki. Yana saurare yana jan carbi. Da na zo inda na rubuta cewa yakan yi shiru duk lokacin da ƙanensa ya shigo, kuma ba su taɓa cin akushi ɗaya ba, sai carbin ya tsaya.

"Har wanga ka rubuta?"

"E, Baba."

Ya dube ni ya ce:

"Na yarda ba duwan kaka yi ma aiki ba. Su buhu suka buɗewa. Kai mutane ka buɗe."

Malaminmu ya yaba aikin ƙwarai. Alhaji kuwa har yau yana zuwa Malanville. Idan ya biyo ta ƙofar gidanmu, daga bakin hanya yake gaida mahaifina. Bai sake cire takalminsa a zaurenmu ba.