Jitar da Ba Ta Tada Kura

Ni dai Allah bai ba ni murya ba. Ba ƙorafi nake yi ba, abu ne da kowa a gidanmu ya sani tun ina ƙarami, kuma wadda ta fara faɗa mini ita ce kakata Iya, mahaifiyar babana. Ta ce waƙa tana shiga kunnena lafiya lau, tana zama a kaina lafiya lau, sai ta zo fita ta maƙogwaro ta yi tuntuɓe ta faɗi.

A nan Tamanrasset aka haife ni, garin duwatsu a tsakiyar hamada, nesa da ƙasar Hausa. Babana mutumin Damargu ne, can wajen Zinder, fatauci ya kawo shi, ya kafa rumfa a Kasuwar Assihar yana sayar da atamfa da lalle da yaji. Da ya zauna da gindinsa sai ya je ya ɗauko Iya. Har ta koma ga Allah ba ta yafe wa garin nan sanyinsa ba. Kullum cewa take an kawo ta inda duwatsu suka fi itatuwa yawa, inda ko icen girki sai an saya. Saboda haka da sanyi ya shigo, da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai a kai mata kaskon gawayi ɗakinta. Ta miƙe ƙafafu, ta ja mayafi har kunne. Mu kuma mu taru, ni da yayata Hure da 'ya'yan maƙwabta.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan dubi ƙofa kamar ta ga baƙuwa, ta ce, "Ga ta can tafe da sanyi, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zo ta zauna bakin wuta." Kuma ba ta ɗaga murya ko kaɗan. In muka cika surutu ba ta tsawatawa, sai ta ƙara yin ƙasa da muryar. Dole mu yi tsit, mu riƙa matsowa har gwiwoyinmu su taɓa nata. A lokacin na ɗauka tsufa ne. Sai da na girma na gane wayo ne irin nata.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta ɗan akuya da kura. Wai wata mata ce a gindin dutse, ba ta da wata dabba sai baƙar akuya da ɗanta. Wata rana ɗan akuyar ya bi inuwa ya shige kogo, ya tarar da wani abu mai laushi da ɗumi, ya kwanta a jikinsa ya yi barci. Ashe kura ce ta ƙoshi tana minshari. Matar ta bi sawu har bakin kogon, ta leƙa, ta ga abin da ta gani. In ta shiga, kura ta tashi. In ta ƙwala kira, kura ta tashi. Sai ta tafi neman wanda zai kira mata ɗan akuya ya ji, kura ba ta ji ba.

Jaki ta fara tararwa. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, a ba shi 'yar dusa kawai. Matar ta ce, "To, mu ji tukuna, nan nesa da kogon. Amma a hankali." Jaki ya rage murya, sai iska kawai ke fita. Ya ɗan saki, sai duwatsu suka amsa. Ba shi da tsakiya. Ta yi gaba ta sami gauraka a bakin tafki, wanda a zamanin babu tsuntsun da ya kai shi zaƙin murya. Ya ce sai dai ta ba shi rumbunta duka. Ta yarda. Amma kafin su kai gindin dutse maƙogwaronsa ya bushe, da ya gwada sai muryar ta tsage. "Shi ya sa har yau," in ji Iya, "in kun ji gauraka, kun ji abin tausayi."

Daga ƙarshe sai kurciya. Ita ba kyauta ta ce ba, ba kuma rumbu ba, ƙwaryar gero ɗaya ta nema. Matar ta ce ta yi a hankali a ji. Kurciya ta yi ƙasa da murya har kamar numfashi, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Suka je bakin kogon, ta rera:

*Ɗan baƙi, ɗan baƙi, taso sannu,*
*Taka dutse, kar ka taka wutsiya,*
*Inna na bakin ƙofa da nono.*

Ɗan akuya ya ɗaga kunne, ya tsallake wutsiyar kura, ya fito. Kura kuwa ko juyi ba ta yi ba.

A nan ne muke kama waƙar gaba ɗaya, kuma da daɗi ya kwashe mu muka fara ɗagawa, sai Iya ta ɗaga yatsa ta ce, "A hankali, kura za ta tashi." Ni kuma ta harare ni da wasan nan na kaka da jika. "Kai maigida, kai dai yi taka a zuci. Da kai aka aika, da yanzu kura ta gama suɗe ƙashi."

Shekaru suka tafi. Iya ta rasu, aka binne ta a cikin duwatsun da ta ƙi jini. Hure ta yi aure a Zinder. Ni na gaji rumfar babana. A samartaka na koyi kiɗan jita a wurin abokaina Abzinawa, don a garin nan duk inda samari suka ɗora shayi, da wuya a rasa jita a gefe. Irin kiɗansu na koya, babban yatsa yana riƙe da ƙasa, manuniya tana tsintar waƙar ɗaya-ɗaya. Yatsuna sun iya abin da maƙogwarona ya kasa. Amma ban taɓa mallakar tawa ba, ta aro ce kullum, da na yi aure kuma na bari.

'Yata ta fari sunan Iya ta ci, Rakiya. Larabcinta ya fi Hausarta gudu, kamar duk 'yan lekkol, wato 'yan makarantar boko, na nan, amma tana son tatsuniyar ɗan akuya, kuma a bakina ta koyi waƙar. Wata rana muna waya da Hure sai na ce Rakiya ta rera wa gwaggonta. Yarinya ta dage ta rera. Hure ta yi dariya har da tari.

"Sani, mi ka koya wa ɗiyar nan? Kalmomin dai na Iya ne, amma wannan hawa da saukar ai na jaki ne."

Na ce, "To Yaya, ke rera mata daidai mana."

Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Can ta ce, "Wallahi ta gudu mini. Na san ba haka take ba, amma yadda take ɗin ya ɓace."

Na yi dariya a wayar, amma da na ajiye sai tsoro ya kama ni. Iya ba ta nan, 'ya'yan maƙwabta sun watse cikin duniya, Hure ta manta. Muryar waƙar nan a kaina kaɗai ta rage, ni kuma ba ni da hanyar fitar da ita. In na mutu, abin da Rakiya za ta koya wa nata 'ya'yan shi ne karkatacciyar da na ba ta. Na faɗa wa matata zan sayi jita. Ta ce in saya, amma wadda ba za ta cinye cefanen gida ba, ba kuma za ta haɗa mu faɗa da maƙwabta ba.

Akwai wani Ba'abzine mutumin Agadas, Musa, mai shagon rediyo da lasifika kusa da kasuwa, yana rataye jitoci a bangon ciki. Wallahi a hanya ko tunanin tatsuniya ban yi ba. Musa ya sauko mini da wata ƙatuwa mai sheƙi, mai araha, ya kaɗa ta da 'yar robar nan da samari ke kiɗa da ita. Shago ya cika da ƙara. Na karɓa na taɓa ta da tsokar yatsa, a hankali. Sai wani dum-dum marar rai. Tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan, sai ka danna da ƙarfi har yatsa ya yi zafi, kuma in ka hau sama sautin yana kaucewa. Wannan sai an doke ta take magana.

Ya ga fuskata, ya shiga ciki ya fito da wata a akwatinta. Daga arewa aka kawo ta, daga bakin teku. Katako ne tsantsa gaba da baya, ba nauyi, har ƙamshi take. Ina shafa ta ta amsa. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa matata, don kuɗinta ya kusa na kayan rumfata. Ina juya ta a haske sai na hangi wani siririn layi a fuskarta, ƙasa da inda aka ɗaure tsirkiyoyi. Musa bai yi mini kwana-kwana ba.

"Tsagewa ta fara," ya ce. "An yi ta don garin da ake ruwa. Iskar nan tamu ta shanye ta, abokina."

Sai kawai na fashe da dariya. Ya ce lafiya? Na ce, "Lafiya lau. Kakata ce ta riga ni zuwa shagon nan. Ka nuna mini jaki, ka nuna mini gauraka. Yanzu ina kurciya?"

Sai da na ba shi labarin a taƙaice kafin ya gane. Ya yi murmushi cikin rawaninsa, ya sauko da wasu guda biyu masu matsakaicin kuɗi, ƙanana, masu siririn ƙugu. Fuskarsu katako ne falle ɗaya, don a nan sauti yake, amma baya da gefe siraran katakai ne da aka liƙa, waɗanda suka fi jure bushewa. Na ɗaga kowace na kalli wuyanta daga kai zuwa ciki ko ya lanƙwashe. Na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, ina sauraron ko wata tsirkiya za ta yi zizar ƙarfe. Na duba ko akwai isasshen fili tsakanin tsirkiyoyin, don yatsuna ba na yara ba ne. Sannan na roƙi Musa ya kashe rediyo.

Na yi musu gwajin matar nan mai akuya. Na taɓa su a hankali iyakar yadda zan iya. Ta farko tana da daɗi, amma kaurin ƙasa yana haɗiye siririn sama. Ta biyu ba ta da wani kyan gani, launin ƙasa ce, har da ɗan ƙarzani a gefe. Amma babban yatsa ya yi maganarsa, manuniya ta yi tata, kowanne ana jin sa daban. Na ƙara yin ƙasa, ba ta ɓace ba. Ban san lokacin da yatsuna suka shiga waƙar ɗan baƙi ba. Tun rasuwar Iya ban ji ta a wajen kaina ba sai ranar. Idona ya kawo ruwa, a gaban mutum, a tsakiyar shago.

Musa da ke zuba shayi ya tsaya da buta a sama. "Wannan ba ta Abzin ba ce," ya ce.

"Ta Damargu ce."

"Sake ta."

Muka yi ciniki irin na mutanen da suka san juna, ba wanda ya ji ciwo. Ya ƙara mini da soso a cikin 'yar robar sabulu mai huji, ya ce in riƙa jiƙa shi ina sa wa a jakarta, in kuma raba ta da rana da bakin wuta. "Ka shayar da ita kamar akuya," in ji shi.

Da muna yara, na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada yaro ya shiga kogo. Da na fara kasuwa na ɗauka maganar ciniki ce, kada ka ruɗu da araha, kada ka ruɗu da tsada. Duk suna ciki. Amma yanzu ina ganin labarin kanta Iya take ba mu. Tsohuwa ce da aka kawo ƙasar da ba tata ba, tana kiran jikokinta su fito zuwa ga harshensu da garinsu, ba tare da ta yi faɗa da kowa ba. Kuma mun fito, tunda ga ni ina faɗa muku da Hausa.

Da yamma bayan magariba na sa aka kawo kasko, na zauna nesa da shi kaɗan saboda jitar. Na fara. Rakiya ta ce, "Baba, ba na ji." Ban ƙara ƙarfi ba. Ta matso, ta sake matsowa, har gwiwarta ta taɓa tawa. Ta kama waƙar ta karkatacciyar hanyar da na koya mata, sai ta ji ba su haɗu da jitar ba. Ta saurara, ta sake kamawa. Ni dai na rufe bakina gam, kamar yadda Iya ta umarce ni tun da daɗewa. Kafin gawayin ya yi toka yarinyar ta hau inda ake hawa, ta sauka inda ake sauka.

Sai na kira Hure, na ajiye wayar tsakanina da Rakiya. Na kaɗa, Rakiya ta rera. Muna zuwa *taka dutse* sai ga muryar Hure daga Zinder ta shigo, daidai, ba kuskure ko ɗaya, kamar ba ta taɓa mantawa ba. Daɗi ya kwashe ni, na fara dukan tsirkiyoyin da ƙarfi.

"Sani," ta ce. "A hankali. Kura za ta tashi."

Na sassauta hannu, muka sake ɗaukowa daga farko.