Mai Yankan Albasa

A ɗakin girkin gidan abincin da take aiki, duk buhun albasar da aka sauke ita ke yankawa. Sauran ma'aikata da sun yanka biyu sai hawaye da majina, ita kuwa ta cika roba ido garau. Shi ya sa suka laƙaba mata Idon Ƙarfe. Har taƙama take yi, tana cewa, "Ku matsa, ragwaye." Bakinta ma kullum a bushe, amma wa ke zuwa asibiti don bai yi hawaye ba?

Cikinta na fari yana wata shida, ma'aikaciyar awo ta ɗora na'ura, ta saurara, ta kira likita. Zuciyar ɗan tana bugawa, sai dai a hankali ƙwarai.

Likita ya ce, "Idanunki suna bushewa?"

Ta yi dariya. "Ai da su nake cin abinci, likita."

Shi bai yi dariya ba. Bayan gwajin jini ya zaunar da ita da mijinta, direban motar kaya. Ya ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙarta: ita ta busar mata da ido, ita ta ratsa mahaifa ta lalata hanyar da ke daidaita bugun zuciyar yaron, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. "Ba laifinki ba ne," in ji shi. Ta ji dai kawai. To jinin wa ne?

Ta haifi namiji, kyakkyawa, mai yawan barci. Da ya kama nono sai ya saki yana haki, leɓensa ya yi shuɗi. Aka ce sai an sa masa na'urar bugun zuciya a wani asibiti mai nisa, in ya yi ƙwarin tafiya. Ƙwarin kuwa daga tsotso yake zuwa. Bai cika wata a duniya ba.

Ta tambayi likita ko na gaba zai tsira. Ya ce da yawa suna tsira, amma haɗarin ya ƙaru, kuma ba zai yi mata alkawari ba.

Ɗakinta ya cika da masu gaisuwa. Surukarta, baiwar Allah mai kirki, ta riƙe hannunta ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, da sauranki. Allah ya kawo wani da wuri."

Kowa ya amsa, mijinta ya fi kowa ɗaga murya. Tsoro ya kama ta. Tana son ɗa kamar ranta, amma ta kasa cewa amin.